Wat 1000 a Jikin Kwali

Wani direban haya da ke jigila tsakanin Yelwa da Wara ya tara ribar wata uku ya sayi wufa, babbar lasifikar nan mai fitar da kaurin sauti, haɗe da amfilifaya. A jikin kwalin an rubuta wat 1000. Da aka ɗaura ta a but ya kunna Shata, sai ƙofofi suka kama karkarwa, muryar kuwa ta dusashe. Ana kwana biyar, ya bar waƙa tana tashi injin a kashe, yana jiran lodi a bakin tafkin Kainji. Batir ya mutu, ga kwandunan ɗanyen kifin fasinjoji rana na dukansu.

Lambar da ta ruɗe shi ƙarfin ƙiftawar ido ce. Wadda ake dubawa ita ce RMS, wato abin da lasifika ke jurewa a kai a kai, kuma galibi ba ya wuce rabin waccan. Amfilifaya kuma tana neman waya mai kauri, da fiyus dab da batir, da injin da ke aiki.

Babban kuskuren nasa dai na kunne ne. Aikin wufa sautin da ke ƙasa da hertz 80 ne, alhali muryar Shata da kalangunsa suna sama da nan, a lasifikun ƙofar gaba, waɗanda zafi da ƙura suka riga suka yaga. Su mai wayarin ya canza masa, ya liƙa roba a cikin ƙofofin. Wufar tana gida, yara na zama a kanta.