Saƙon da na tura wa Jerry

Lokacin kullen korona a 2020 na kalli Cheer a Netflix, shirin ɗaliban kwalejin Navarro ta Texas masu wasan alkafura da cilla juna sama. Fara'ar Jerry Harris ta shiga raina. Har saƙo na tura masa a Instagram, na yi ta duba waya kamar wana ne zai amsa.

A watan Satumba aka kama shi. Ashe ta saƙonnin waya yake neman hotunan tsiraici a wurin wasu tagwaye tun suna shekara 13, yaran da su ma wasan suke yi. A 2022 aka ɗaure shi shekara 12.

Jiya na tarar da ƙanwata tana rubuta wa wani ɗan ƙwallo saƙo. Ban ƙwace wayar ba. Zama na yi kusa da ita, na ce, "Auta, ya taɓa amsa miki?"