Daga Mairairai zuwa Tsibiri: abin da ƙashi ke riƙewa daga ruwan furaji

Wanda ya bar kwaltar Maraɗi zuwa Damagaram a Cadawa, ya miƙa arewa har ya wuce Mayahi, ya shiga ƙasar da ruwa ke da tsada ko da ba da kuɗi aka saye shi ba. Can ne kwamin ta El Alasan Mairairai take, daura da ƙasar Tasawa. Sunan bai yi ƙarya ba: rairayi ne ko'ina, hatsi da wake da damina, iska da ƙura da rani. Rijiyoyin wannan yanki na da zurfi, sau da yawa sai an ɗaura igiya ga sa ko raƙumi ya ja ya yi nisa kafin wasaki ya leƙo baki. Saboda haka burin kowane gari shi ne furaji da shato da famfo a bakin hanya. Buri ne na gaskiya, babu mai ganin laifinsa. Sai dai akwai wani gari a yammacin jihar nan da ya samu wannan buri tun da wuri, kuma ya kamata duk mai neman furaji ya san abin da ya biyo baya.

Garin shi ne Tsibirin Gobir, kimanin kilometir 12 daga Maraɗi, a gefen Gulbin Maraɗi, inda Gobirawa suka kafa sabuwar hedikwatarsu bayan yaƙin Gawakuke na 1836. A shekarar 1985 aka soma ba garin ruwa daga wani furaji mai zurfi. Ruwa ne garau, ba wari, ba laka, ba ƙwayar kurkunu. Mata suka huta, kowa ya yi murna. Sannu a hankali haƙoran yara suka riƙa fitowa da dabbare-dabbare, daga fari kamar alli zuwa ja da baƙi-baƙi. Daga nan ƙafafun wasu suka soma lanƙwashewa, wannan gwame, wancan baka, wasu kansu ya yi girma fiye da kima. A gidaje da dama an ɗora abin kan iskoki ko sammu, aka yi ta yawon neman magani.

Da aka auna ruwan, sai aka tarar da sinadarin fuliyor tsakanin miligiram 4,8 da 6,6 a kowace litir, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaida iyaka a 1,5. Yara sun kai shekara goma sha biyar suna shansa kafin a canza wa garin ruwa. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Nijar, ANDDH, ta ɗauki maganar, ta tuhumi kamfanin ruwa na gwamnati na lokacin, SNE. A 2002 kuma ita da ƙungiyar FIDH suka fitar da rahoto. An ƙiyasta yara kusan 5000 abin ya shafa, ɗaruruwa daga cikinsu da nakasar ƙashi.

Ba wani ne ya zuba dafi ba. Fuliyor daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa yake narkewa cikin ruwan da ya daɗe kwance a tsakaninsu. Kaɗan daga gare shi na kare haƙori daga ruɓewa, shi ya sa ake sa shi a man goge baki. Idan ya yi yawa, ƙoda na fitar da wani kaso cikin fitsari, sauran kuwa ƙashi da haƙori ke kamawa. Kusan kashi 99 cikin 100 na fuliyor ɗin jikin mutum can yake zaune. Ƙashin yaro mai girma ya fi na babba kwaɗayinsa. A hoton asibiti ƙashin kan fito fari fat, mai kauri, sai a zaci ƙarfi ne. Ashe kauri daban, ƙwari daban. Ga zafin ƙasarmu da ke sa a sha ruwa da yawa, ga ƙarancin nono a furar talaka, wato ƙarancin sinadarin kalsiyom, wanda ke ƙara wa cutar kaifi.

Abin da aka fi mantawa shi ne yaran nan ba yara ba ne yanzu. Wanda aka haifa a Tsibiri a 1990 ya wuce shekara talatin, ya kai lokacin da ake sa ran ya riƙe hauya, ya ɗauki buhu a tasha, ya ciyar da iyali. Ƙashin mutum na gama cika ne kafin shekara talatin, da shi kuma zai yi guzurin tsufa. Idan an daina shan ruwan, fuliyor na barin ƙashi, amma da tafiyar hawainiya, cikin shekaru masu yawa. Tabon haƙori ba ya gogewa, ƙafar da ta lanƙwashe ta ƙage a haka ba ta miƙewa sai da aikin tiyata. Wanda ya daɗe yana sha har girmansa kuma, yakan soma da ciwon gaɓoɓi da sanƙarewar baya da wuya, abin da ake saurin kira sanyin ƙashi a ba shi ƙwaya ya tafi.

Tafasa ruwa ba ya cire fuliyor, sai ma ya ƙara masa yawa a abin da ya rage cikin tukunya. Tacewa da ƙyalle ko zuba jabel ma ba sa taɓa shi. A Indiya an ƙago dabarar Nalgonda ta alif da farar ƙasa. A Kenya da Habasha ana tace ruwa da gawayin ƙashi. Mafi sauƙi dai shi ne a auna tun kafin a ɗora shato, a kuma maimaita awon bayan an soma sha.

Wannan ba yana nufin kowane furaji na da irin ruwan Tsibiri ba. Rami biyu a ƙasa guda na iya ba da ruwa iri biyu. To amma idan aka zo buɗe famfo a Mairairai ko wani ƙauyen Gulbin Kaba, magajin gari da ɗan kasuwar da ya ba da gudummawa na da haƙƙin neman takardar awo, su duba layin fuliyor da idonsu. Malamin lakwal ma na iya lura da bakin ɗalibansa, ko da yake haƙoran girma ba sa fitowa sai yaro ya kai shekara shida ko bakwai, lokacin da ya riga ya daɗe yana shan ruwan.