Makarantar Bakin Tafki

Wanda ya tashi daga Sakkwato ya nufi arewa, in ya yi tafiyar wajen mil 50 sai ya isa Illela, inda iyakar Nijeriya ta ƙare, Birnin Ƙonni na tsallake. Kusa da nan Kalmalo take, da tafkinta. A bakin wannan tafki na yi aikin koyarwa hutu 3 a jere, kuma a nan ne wani yaro ɗan shekara 11 ya kunyata ni, har yau ban gama biyansa ba.

Yadda abin ya faru, waɗansu dattawan gari ne suka ga 'ya'yansu na yawon banza lokacin hutu, suka haɗa ɗan abin da suka haɗa, suka nemi malamin da zai riƙa fita da su daji yana nuna musu itatuwa da tsuntsaye da irin ƙasa. Aka faɗa mini, na karɓa, domin albashin malami kowa ya san inda yake tsayawa. Ba aji, ba allo, ba ƙararrawa. Inuwar wani gawo ita ce ɗakinmu, shi kuwa gawo da rani yake ganye, da damina ya kaɗe, watau kamar ni, aikinsa na lokaci ne.

A kwalejin horon malamai an koya mana yadda za mu tsaya gaban yara, amma ba wanda ya gaya mana rabin kwarjinin malami bango ne ke ba shi. A fili, in balbela ta gitta, ido 30 sun bi ta sun bar ka da bakinka buɗe.

Ran nan cikin bazara, tafki ya ja baya, ƙasa ta tsattsage kamar tafin ƙafar manomi, ina yi musu bayanin kifi. Na ce, kamar yadda na haddace, kifi ba ya rayuwa sai cikin ruwa. Sai wani siririn yaro, jikan masunta, ya ce, "Malam, akwai kifi ƙarƙashin inda kake tsaye." Yara suka fashe da dariya. Ni kuwa na ɗauka reni ne, na daka masa tsawa, na ce in ya fi littafi sani ya tashi ya ba mu wuri. Ya tashi. Kwana 2 bai dawo ba.

A rana ta 3 sai ga kakansa da fartanya a kafaɗa. Na gaishe shi, na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau, Malam. Taho da ɗiyanka." Muka bi shi cikin busasshen tafki. Yana tafe yana duban ƙasa, har ya tsaya kan wani ɗan rami da bai fi shigar yatsa ba. Ya yi ta tono, ya ciro wani curin laka, ya fasa a hankali. Ga gaiwa a naɗe, wutsiya bisa kai, cikin wata 'yar jaka mai kama da busasshiyar fata.

Lalle na san sunan gaiwa, na ma ci ta. Abin da ban taɓa haɗawa da karatuna ba shi ne tana da huhu. In ruwa ya fara ƙafewa sai ta nutse cikin taɓo, yauƙin jikinta ya bushe ya zama kube, ta bar 'yar ƙofa ta shaƙar iska, ta kwanta watanni ba ci ba sha har ruwa ya dawo. Duk wannan daga baya na karanta shi. Yaron kuwa tun yana goye ya san shi.

Da tsoho ya ga na yi tsuru, sai ya rufa mini asiri da tambaya. Ya ce, "To, ku da kunka yi karatu, ina ruwanmu ya tafi?" Nan na sami abin faɗi. Na ce ruwan Kalmalo daga tuddan Adar yake gangarowa ta kwarin Majiya, a ƙasar Nijar, can kuwa an yi madatsai a Mozage da Zango don noman rani na Ƙonni, ga kuma farin 1973 da na 1984. Na ƙara da cewa a 1990 ƙasashen biyu sun sa hannu a Maiduguri kan yadda za su raba ruwan da ke tsakaninsu. Ya saurara sarai, kāna ya ce mutanen Ƙonni ai danginsa ne, ba zai yi faɗa da su kan ruwa ba, amma takardar nan ta Maiduguri bai taɓa ganin ta jiƙa gonar kowa ba.

Muka sa gaiwar cikin kwano da ruwa, muka rufe da faifai. Da safe muka tarar ta warware tana juyi. Yaron ya dawo ran nan, ya zauna can baya. Na kira shi gaban 'yan'uwansa na ce shi ke da gaskiya, ni na yi kure. Bai ce kome ba, bai kuwa ƙara yi mini magana a darasi ba har hutu ya ƙare, ko da na tambaye shi sunan tsuntsu sai ya ce, "Malam ya fi ni sani."