Nauyin batiri

A wannan mako ba zancen majalisa ko na kasuwa na zo da shi ba. Zancen batirin mota ne, kuma a cikinsa ni ne mai laifi, don haka ku yi mini haƙuri idan na yi ta kewaye kafin in isa inda abin yake da ciwo.

Da mahaifinmu ya rasu a 2017, abin da ya bari mai kawo kuɗi ɗaya ne: tsohuwar Toyota Hiace mai shan gazuwal, irin wadda a tasha ake kira mai mutum 19. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ke tuƙa ta tun marigayi yana da rai, tsakanin Maraɗi da Tasawa, wani lokaci har Damagaram. Duk ranar Juma'a yakan kawo kuɗin mako ya ajiye gaban Inna. Da su ake sayen hatsi, da su ake biyan kuɗin lakkwal na ƙannena. Ni da yake na yi boko, aka ɗora mini riƙon littafin lissafi, da ikon cewa a sayi kaza ko a dakata.

Tun ƙarshen bazarar 2023 Kawu ya fara cewa batiri ya gaji. Na yi ta jan ƙafa. Ana cikin haka aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke mana wutar lantarki. Duk ɗan kasuwar Maraɗi ya san abin da ke faruwa idan hanyar Ɗan Isa da Jibiya ta toshe, mun riga mun ɗanɗana a 2019: kayan mota sai su yi fuka-fuki. Batiri kuwa abin ya zame masa biyu, domin ba masu mota kaɗai ke nemansa ba, har da magidanta masu son kunna fitila da fanka da cajin salula a cikin duhun nan.

Sabo mai ƙarfin da motar ke bukata, an yi mini kuɗinsa jika 60. Sai wani ya nuna mini rumfa inda na samu mai irin wannan lamba, yana ƙyalli, da takardarsa a manne, a jika 32. Mai rumfar ya rantse sabo ne dal. A gabana ya ɗauki ƙusa ya karce kwanan watan a kan murfin, wai shaidar garanti. Na dawo gida ina jin kaina gwanin ciniki.

Kawu bai duba takardar ba. Ɗaga shi kawai ya yi da hannu ɗaya, ya ajiye, ya ce: "Ɗana, wannan ba shi da nauyi."

Na ce masa ai fasaha ta ci gaba, kayan yanzu ba kamar na zamaninsu ba ne. Bai ƙara cewa komai ba, ya ɗaura.

Wata uku da ƴan kwanaki batirin ya yi. Wata asuba ta Disamba, hunturu na kaɗawa, Kawu ya tsaya a Gazawa fasinja su yi salla, ya kashe mota. Da aka dawo ya murɗa makulli, sai ƙas, ƙas, shiru. Aka tura, ta ƙi. Injin gazuwal a cikin sanyi sai an ɗumama shi da wasu buji, su kuma da wutar batiri suke aiki. Fasinjan yawancinsu ƴan kasuwa ne masu sammako, suka karɓi kuɗinsu suka shiga wasu motoci, wasu har da baƙar magana. Sai da rana ta ɗaga wani direba ya ara masa nasa batirin aka tada ta, ya juyo Maraɗi ba kowa ciki, bai yarda ya kashe inji ba ko a shingen jandarma.

Da daddare na kai zancen fada. Abokai, galibinsu ma'aikata masu ƴar mota ko babur a hannun wani, kowa ya kawo nasa labarin: direban da ya sayar da sabuwar taya ya sa tsohuwa, wanda ke zuƙe mai, wanda ke ɓoye kuɗin lodi. Wani ya ce: "Kai dai je ka duba gidansa, ka ga da me yake kunna fitila." Maganar ta zauna mini, domin na san a gidan Kawu akwai fitila mai aiki da batiri.

Washegari a gaban Inna na tambaye shi ko batirin da ke cikin motar shi ne wanda na saya. Da ladabi na yi tambayar, amma ladabin bai rage mata komai ba. Kawu ya dube ni, ya dubi yayarsa, ya ciro makulli daga aljihu ya ajiye bisa tabarma. Ya ce: "Shekara 22 na yi da mahaifinka, bai taɓa ƙirga canji a gabana ba." Ya sa takalmi ya fita. Inna ba ta ce mini uffan ba har kwana biyu.

Don in tabbatar da gaskiyata na kai batirin wurin wani dattijo mai gyaran wutar mota. Ya sa shi caji dare guda. Da safe ya ɗora masa ma'auni, ya kira ni in gani da idona: 10,5. Ya ce batirin da muke kira mai volt 12 ɗaki shida ne a ciki, kowane ɗaki yana ba da volt 2 da ɗan kai, shi ya sa lafiyayye idan ya cika yakan nuna 12,6. Wanda ya tsaya a 10,5 ɗakinsa ɗaya ya mutu. Ya bi ni har gida da wani batirin, ya tada motar, ya auna abin da dinamo ke bayarwa, ya samu 14 da ɗan ƙari, wato ba laifinsa. Daga nan ya sa wuƙa ya ɗaye takardar nan mai ƙyalli. A ƙarƙashinta tsohon akwati ne, an yanke murfin an sake liƙe shi da wuta. An wanke tsofaffin faranta, an zuba sabon ruwa, an sayar wa mai son araha. Ya ce irin waɗannan faranta marmashinsu ke zuba ƙasan ɗaki har ya haɗe su, sai wuta ta mutu.

Na tuna malaminmu na fizik a lise, wanda ya koya mana cewa wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya ƙirƙiro wannan batiri a 1859, da dalma da ruwan asid. Fiye da shekara 160 ke nan, kuma irin wanda ke tada motocinmu har yanzu dalmar ce jarinsa. Idan aka rage ta, nauyi ya ragu, ƙarfi ya ragu. Na rubuta wannan a jarrabawa na ci maki, Kawu kuma da bai taɓa jin sunan Planté ba ya gane shi da hannu ɗaya.

Dattijon ya ƙara mini da abin da ya kamata duk mai mota a ƙasar nan ya sani. Muna ɗora wa hunturu laifi, alhali zafin Afrilu da Mayu ne ke cin batiri: ruwan ciki ya ƙafe, faranta su ci. Sanyi zuwa kawai yake ya tona asiri, ranar da inji ya fi bukatar ƙarfi. Ya ce idan ruwa ya ja baya, tataccen ruwa ake ƙarawa, ba na famfo ba, ba kuma asid ba.

Yana ta magana, ni idona na kan murfin. Kwanan watan nan da aka karce da ƙusa yana nan daram, da hannun mai rumfar, ranar da na biya jika 32.

Ban koma rumfar ba, domin na san amsar da zan samu. Gidan Kawu na nufa bayan magariba, da makulli a aljihu. Na same shi a zaure, fitilarsa tana ci da wani ɗan batirin babur da bai fi bulo rabi ba. Na durƙusa na faɗi abin da ya kamata in faɗa. Ya daɗe bai tanka ba, sannan ya ce: "Gobe ka zo da kuɗi, ni zan zaɓa."

A kanti ya ɗaga uku kafin ya yarda da ɗaya, ya nemi a nuna masa shekarar da aka ƙera shi, ya sa aka auna a gabansa. Jika 65 na biya, ya ƙara tsada ke nan, kuma sai da na ci bashin rabin kuɗin.

A wannan mota batiri a ƙarƙashin daɓe yake, bayan kujerar gaba, wuri ne matsattse da ƙarfe ya kewaye. Kawu ya miƙo mini sufana mai lamba 10, ya ce in cire na aron da kaina, yana tsaye. Na nufi kan da ke da alamar ƙari, ya riƙe mini hannu. Mai alamar ragi ake fara kwancewa, wanda makanikai ke kira mas, domin shi ne haɗe da jikin mota. Muddin yana ɗaure, idan sufana ta taɓa ɗaya kan ta kuma taɓa ƙarfe, tartsatsi zai tashi, ga shi batiri na fitar da iska mai kama wuta. Wajen ɗaurawa sai a juya: ƙari da farko, mas daga ƙarshe. Ya sa na kankare farin garin da ya taru a bakin wayoyi, na shafa ɗan giris, na ɗaure ƙarfen da ke riƙe batiri tamau, saboda girgizar hanya ma kashe shi take.

Saura tsohon. Wani yaro mai sayen ƙarafa ya taya jika 4. Na san abin da ake yi da su: a fasa da gatari, a zubar da ruwan a ƙasa, a narka dalmar a bayan gida. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, a Thiaroye-sur-Mer kusa da Dakar, yara 18 suka mutu a unguwar da ake wannan sana'a, gubar dalma ta kashe su. Na hana yaron. Amma ban san inda zan kai shi ba, kuma ina tsoron wata rana in gan shi a wata rumfa da sabuwar takarda. Yana nan a kusurwar garejinmu, na kifa masa tsohon kwano.

Kawu ya hau, ya jira fitilar buji ta mutu, ya murɗa. Bugu ɗaya ta tashi. Ya leƙo ta taga ya ce in rubuta a littafina: gazuwal na jika 10, da kuɗin fasinjan Gazawa da ya mayar daga aljihunsa, wanda har ranar bai gaya wa kowa ba.