Shehu da Baƙonsa

Azumin 2020 a Notingham ya same ni, a ƙasar Ingila. Karatu ne ya kai ni, amma tun ranar 23 ga Maris da aka ce kowa ya shige gida saboda korona, jami'a ta koma cikin kwamfuta, masallatai suka rufe, ni kuwa ban da abin da ke fitar da ni sai aikin da nake yi a wani gidan kula da tsofaffi don in haɗa kuɗin haya. An hana 'yan uwa zuwa ziyara. Tsofaffin nan sai su wuni suna kallon taga, mu kuma muna shiga muna fita da takunkumi a fuska kamar 'yan fashi.

Akwai wata tsohuwa a ɗakin ƙarshe da nake kira Kaka a zuciyata. Ta haura tamanin, ta taɓa koyar da kiɗan fiyano ga yara, yanzu yatsunta sun ƙage. Wata rana ta miƙo mini tabulet ɗinta ta ce, "Ɗana, nemo mini yaran nan na Kanneh-Mason a Facebook. Yau suna kiɗa."

Sunan bai faɗa mini komai ba sai da na ga fuskar ɗaya daga cikinsu, Sheku. Ashe saurayin nan ne baƙar fata da ya yi kiɗa a bikin Yarima Harry da Meghan a watan Mayun 2018, wanda muka kalla a talabijin a Zariya har ƙanwata tana cewa ji wani ƙaton goge da sai an zauna an rungume shi. Celo suke ce masa: tsirkiya huɗu, ciki kamar ƙaramin kwalekwale, ana jingina shi a ƙirji ana goga masa izga. Kaka ta ce ai ɗan garin nan ne, gidansu ba nisa. A 2016, yana ɗan shekara 17, ya ci gasar matasan makaɗa ta BBC, kuma shi ne baƙar fata na farko da ya ci ta.

Ni abin da ya fara kama ni sunayensu ne. Su bakwai ne: Isata, Braimah, Sheku, Konya, Jeneba, Aminata, Mariatu, uwarsu kuma Kadiatu, haifaffiyar Saliyo. Na ce wa Kaka waɗannan ai mutanen gidanmu ne. A'ishatu ce, da Buraima, da Shehu, da Zainabu, da Aminatu, uwarsu Hadizatu. Ta sa na maimaita mata har sau uku. Daga ranar ba ta ƙara cewa Sheku ba, sai Shehu, tana jan wasalin kamar mai tsotsar alewa.

Amma a falon nan nasu akwai na takwas, wani saurayi mai jita wanda bai yi kama da su ba. Shi ne Plínio Fernandes, ɗan Burazil, abokin karatunsu a makarantar kiɗa ta Royal Academy da ke Landan. Kulle ya rutsa da shi, gida ya yi nisa, sai iyayen suka haɗa shi da 'ya'yansu, aka ci gaba da ci a tukunya ɗaya. Ni da nake buɗa baki da dabino uku da ruwan famfo a ɗakin ma'aikata, ba sai an gaya mini abin da wannan ke nufi ba. Na yi masa murna, na kuma ɗan yi masa hassada, Allah ya yafe.

Kaka ce ta nuna mini inda wuyar haɗin celo da jita take. Akwai faifan Shehu da ya fito a watan Janairun shekarar, mai suna Elgar, wanda ya yi da ƙungiyar makaɗa ta London Symphony, ya kai na 8 a jerin faya-fayan da aka fi saye a Birtaniya. A cikinsa akwai wata tsohuwar waƙar gargajiya ta Ingila, Scarborough Fair, su biyu kawai, celo da jita. Ta ce in rufe ido in bi jitar kaɗai. Da na bi sai na gane: ita jita da an taɓa tsirkiya sautin ya fara mutuwa ke nan, kamar kuntigin Ɗan Maraya ko gurmin Haruna Uji, dole a yi ta zuba wani kan wani. Shi kuwa celo yana iya riƙe sauti ɗaya ya yi ta kumbura shi muddin izga na tafiya. Idan mai celo ya saki hannu, ya haɗiye ɗan uwansa ɗungum. To ga wanda duniya ta sani, wanda ya saba tsayawa gaban makaɗa fiye da saba'in, yana rage murya don a ji baƙon gidansu. A gidan biki a ƙasarmu ban cika ganin haka ba. Babban makaɗi gaba yake, 'yan amshi su ji da kansu.

Ta kuma ce ba a rubuta wa waɗannan kayan kiɗa biyu abubuwa da yawa ba, shi ya sa masu wannan haɗi kan ɗauko abin da aka yi wa murya ko fiyano su sake masa ɗinki. Aikin tela ne, in ji ta, ba na mai sayen riga a kanti ba.

Akwai abin da ban gaya mata ba. A gidanmu ba a sauraron goge. Mahaifina almajirin malamai ne, ko a rediyo ya ji an fara zai murɗe, ya ce goge kan bidi'a. Ga ni da azumi a baki, a ƙasar wasu, ina riƙe wa tsohuwa tabulet ana goga babban yayan goge. Nakan ce wa kaina ai aiki nake yi. Gaskiyar magana kuwa, ni ma jiran ranar nake.

A watan Yuli BBC ta nuna shiri a kan zaman kullen gidan, This House is Full of Music, an ɗauke shi da kyamarorin da aka kafa a ɗakuna ba tare da ma'aikata sun shiga ba. Kaka ba ta gan shi ba. Ta rasu makonni kaɗan bayan ƙaramar Salla, ba korona ba ce, tsufa ne. Ni kaɗai na kalla a ɗakina, ina ta lura da inda baƙon ke zama.

Sai a 2022 Plínio ya fitar da nasa faifan na farko, Saudade, kalmar da mutanen Burazil ke kiran kewa da ita. Wannan karon shi ne mai gida, Shehu ne baƙo. Suka yi Bachianas Brasileiras ta 5 ta Heitor Villa-Lobos, wadda a asali aka tsara wa muryar mace ɗaya da celo takwas a 1938. Su sai jita ta ɗauki aikin takwas ɗin, celo ya zama muryar. Shi kansa Villa-Lobos abin da ya kaɗa ke nan tun yana saurayi a Rio de Janeiro: celo don neman abinci a gidajen silima da na shan shayi, jita kuma tare da makaɗan titi da dare.

Lokacin na riga na dawo gida. Wata rana bayan la'asar, Baba ya tafi masallaci, na kunna wa Inna a waya tana tsince shinkafa a faifai. Ta saurara har ƙarshe hannunta bai tsaya ba.

"Wannan ai goge ne," ta ce, "amma ya ƙoshi. Wa ke yi?"

Na ce wani Shehu ne da abokinsa.

"Shehun gidan wa?"

Na fara yi mata bayanin Saliyo da Notingham, sai muka ji sallamar Baba a zaure. Ta ɗaga mini gira, na soke wayar a aljihu.