Ruwan Garau Yake, Amma Kifayen Na Mutuwa

'Yata ce ta dame ni sai da na saya mata akwatin kifi na gilashi mai cin lita 30, da kifaye shida. Kafin kwana goma biyu sun mutu, sauran na tasowa saman ruwa suna haki. Ruwan kuwa garau. Da na auna shi da maganin gwaji, na ga amoniya da naitrait sun yi yawa, kuma laifin nawa ne.

Mai karatu, kifi na fitar da amoniya daga jikinsa, ragowar abinci ma idan ya ruɓe haka. Wasu bakteriya masu amfani da ke zama a soson matata ne ke mayar da ita naitrait, sannan naitret mai sauƙin illa. A sabon akwati sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yawaita. Ni kuwa don tsafta nake wanke soson da ruwan famfo, kulorin yana kashe su. Naitrait na hana jini ɗaukar iskar oksijin, abin da na karanta a jami'a game da ɗan Adam, amma ban tuna ba.

Na daina ba su abinci kwana biyu. Kullum ina sauya kashi ɗaya bisa uku na ruwan da wanda aka cire wa kulorin. Soson kuma sai a tsohon ruwan akwatin nake ɗauraye shi. Idan an ɗauke wuta matatar ta tsaya, ku rage abinci, ku sake aunawa. Huɗun suna nan, har 'yata ta raɗa musu sunaye.