Kafin ka saya wa ɗanmu jirgi

Edgbaston,
Birmingham.

Mutumina,

Ya sanyin Manchester? Mu ma nan ana ta fama, ruwa in ya ɗauke da safe kafin la'asar ya dawo. Idan kun yi waya da Hajiya ka gaishe mini da ita, Allah ya ƙara mata lafiya.

Saƙonka ya iso, har da hoton jirgin rimot ɗin da ɗanmu ya ƙwallafa rai a kai. Na ji daɗi ƙwarai da ka tuntuɓe ni kafin ka zuba kuɗinka. Spitfire ne, kuma ban ga laifin yaron ba, jirgi ne mai kyan gani. A nan Birmingham ma, a masana'antar Castle Bromwich, aka ƙera fiye da rabin na ainihin a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, akwai guda rataye a gidan tarihi na Thinktank har yanzu. Amma don Allah kada ya zama na farkonsa. Fiffikensa a ƙasan ciki yake, ga gudu, kuma da ka rage masa wuta fiye da kima sai ya kife gefe guda. Ku nemi mai fiffike a bisa, na farin soso mai tauri, mai faɗin mita ɗaya da ɗan ɗori, wanda in an saki sandar rimot yakan daidaita kansa. In ya sha ƙasa, gam da salatif sun isa a maido shi.

Abin da nake so ka fi riƙewa shi ne, wannan harka taku ce ku biyu, kai da shi. Ko a idon hukuma kai ne mai jirgin. Tun 30 ga Nuwamba 2019 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Birtaniya, CAA, ta wajabta rajista, kuma lambar mai jirgi sai wanda ya kai shekara 18 ake ba wa. Kai za ka yanka, ka riƙa sabuntawa duk shekara da ɗan kuɗi kaɗan, ka manna lambar a jikin jirgin. Shi kuma zai yi jarrabawar matuƙi ta intanet, kyauta ce, tambaya 40, ana cin ta da 30, tana aiki shekara 5. Ka zauna kusa da shi kai ma ka yi taka. A nan za ku ga cewa ba a wuce mita 120 daga ƙasa, kuma ba a barin jirgi ya ɓace wa ido. Ni da hasumiyar agogon Jami'ar Birmingham nake auna abin, wadda ake kira Old Joe: tsawonta kusan mita 100 ne, to ɗan kaɗan ya rage a kai iyaka.

Sai maganar wuri. Duk wanda ya shiga Cannon Hill Park ya ga shimfiɗaɗɗiyar ciyawar nan, ko ya zagaya tafkin Edgbaston, zai ce ga fili. Amma ga masu tura jarirai, ga karnuka, ga filin kurket a tsallaken titi, ga jirage masu saukar ungulu da ke kawo majinyata Asibitin Queen Elizabeth suna wucewa ƙasa-ƙasa. Jirgi irin wanda za ku saya, doka ta ce ya nisanci gidaje da wuraren shaƙatawa da mita 150, mutanen da ba ruwansu kuma da mita 50. Ku ma can kuna da babban filin jirgin Manchester da ƙaramin na Barton. Tun bayan da rahoton ganin jirage marasa matuƙi ya tsayar da filin jirgin Gatwick a Disamba 2018, aka faɗaɗa shingen da ke kewaye da filayen jirgi, kuma ba a wasa da shi.

Shi ya sa nake ce maka kulob, kulob, kulob. Ƙungiyar masu jiragen rimot, BMFA, wadda asalinta tun 1922 ne, tana da jerin kulob-kulob na kowane yanki, kuma ɗan ƙungiya yana da inshorar da ta kai fam miliyan 25 in jirginsa ya yi wa wani ɓarna. Abin da ya fi burge ni shi ne dattawan wurin. Za a haɗa rimot ɗin yaro da na malami, in ya rikice malamin ya saki maɓalli guda ya karɓe tuƙi. Zai rikice kuwa, domin idan jirgi ya juyo yana fuskantarka, damansa ta koma hagunka, hannu kuma bai saba ba.

Yanzu batir, inda ya fi damuna, domin shi ne zai kwana da ku a gida. Irinsa ana ce masa LiPo. Naku zai zama mai gida uku, kowane gida volt 4.2 in ya cika, jimla 12.6. Ba a cajinsa da kowace irin caja sai tasa, wadda ake soka mata ƙaramar farar wayar nan don ta daidaita gidajen uku. In an rubuta 2200 a jikinsa, ka sa cajar a kan amfiya 2.2, awa guda da ɗan wani abu ya cika. Kada a yi caji a ɗakin yaro, ko kan kafet, ko da dare ana barci. A kan siminti, cikin jakar da ba ta cin wuta, da bokitin yashi a gefe, kai kuma kana wurin har ya gama. Na taɓa riƙe wanda ya lalace a hannuna: ya kumbura kamar fanke, in ka danna sai ka ji iska a ciki, ga wani wari mai zaƙi-zaƙi. Irin wannan ya gama aiki, haka wanda ya lotsa a faɗuwa. Kada a jefa shi a kwandon shara, a kai shi wurin da ake karɓar tsoffin batura. In za ku yi kwanaki ba ku fita ba, ku bar kowane gida a wajen volt 3.8, cajar tana da wannan tsarin. A sama kuma kada a tsotse shi ƙarƙaf. A sa agogon rimot ya yi ƙara tun da sauran wuta, musamman a wannan sanyi da ke rage masa ƙarfi.

Farfela ita ce ta biyu. Injin mai sai an tada shi, yana kuma ruri kowa ya ji. Na lantarki shiru yake, da hannun riga ya taɓa sandar totur ya tashi da dukan ƙarfinsa. Wani dattijo a kulob ya taɓa nuna mini tabon ɗinki a bayan yatsunsa uku, ya ce a teburin kicin ya same shi, ba a fili ba. Don haka duk gyaran da za a yi a gida, a cire farfela tukuna. A fili kuma rimot ake fara kunnawa, totur a ƙasa, sannan a haɗa batir daga bayan jirgin. In an sauka, batir ake fara cirewa.

Kafin tashi, ka sa shi ya ɗora jirgin a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, daidai wurin da takardar ta nuna, da batir a ciki. Hanci ya ɗan sunkuya, wannan daidai ne. In wutsiya ce ta rinjaya, a matsar da batir gaba. Ya tsaya a bayansa ya motsa kowace sanda, ya tabbatar dama dama ce, sama sama ce. Malamin zai nuna muku gwajin nisan rimot, da yadda ake saita jirgin ya kashe injinsa da kansa in sadarwa ta yanke. Ana tashi da sauka ne ana fuskantar iska. Ranar da kuka ga bishiyoyi suna rangaji, da muguwar rawa gara ƙin tashi, ku zauna ku sha shayi da dattawa, ya kalli yadda suke yi.

Kafin bazara ta shigo, ka saka masa manhajar koyon tuƙin a kwamfuta, ya yi ta faɗuwa a can ba asara. Ka kira kulob ɗin da ya fi kusa da ku tun kafin sayayya, ka tambayi irin rimot ɗin da malamansu ke riƙewa, don naku ya haɗu da nasu. In ka samu wanda ya kwanta maka, turo mini hoton kwalin in duba kafin ka biya.

Ka shafa mini kan yara, ka gaishe da uwargida da kyau.

Wassalam,
Abokinka na Edgbaston.